Yadda Ake Gano Inda Umarnin Asambili Yake Ɗauko Abin Aikinsa

Duk wanda ya tashi a cikin birnin Katsina ya yi aike, kuma ya san aike iri-iri ne. Akwai ranar da Inna za ta damƙa maka kuɗi a tafin hannu ta ce kai wa mai nono. Akwai ranar da za ta ce ka je gida kaza a Ƙofar Soro ka karɓo saƙo. Wata rana kuma takarda za ta ba ka a ninke, kwatancen gidan yana ciki, sai ka buɗe kafin ka san inda za ka dosa. In gidan ba sananne ba ne, sai ta ce in ka kai masallacin nan na bakin hanya ka ƙirga gida uku. Yaron da bai gane bambancin ba shi ne wanda za a ba shi takardar kwatance, ya dawo da ita gida yana cewa ga saƙon.

Wannan kuskuren shi na fi gani wurin masu koyon yaren asambili, wato yaren da ake rubuta wa furosesa, ƙwaƙwalwar kwamfuta, umarni ɗaya-ɗaya kai tsaye. Da yamma bayan la'asar nakan zauna da ɗalibai a wani shago kusa da Ƙofar Ƙaura, yawancinsu masu karatun kwamfuta ko lantarki a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hassan Usman Katsina da Jami'ar Umaru Musa 'Yar'adua. Sun haddace sunayen hanyoyin da umarni ke bi ya kai ga abin aikinsa, suna iya jero su tsaf. Amma da na rubuta layi ɗaya a allo na ce me zai shiga AX, ɗaya daga cikin ƴan ma'adanan da ke cikin furosesa, sai wuri ya yi tsit. Abin da zan nuna a nan shi ne yadda za ka bi sawun umarni da biro da takarda har ka kamo lambar da yake nema, kafin ma ka taɓa kwamfuta.

Zan yi amfani da furosesa 8086 da kamfanin Intel ya fitar a 1978. Ƙanensa 8088 shi ne aka sa a kwamfutar IBM PC ta 1981, kuma furosesoshin Intel da AMD na kwamfutocin yau daga zuriyarsa suke. Tanadi takarda, da biro, da manhajar emu8086 wadda take kwaikwayon wannan furosesa a kan Windows. Ka kuma tabbata ka saba da lissafin sha-shida, wanda ake ce wa heksa: lambobi daga 0 zuwa 9, sannan A zuwa F, kuma harafin h a ƙarshen lamba yana nuna da heksa aka rubuta ta.

Mataki na farko: zana filin wasan

Kowane umarni yana da aiki, kamar MOV (kwafewa) ko ADD (tarawa), yana kuma da abin da zai yi aikin a kansa, wanda littattafai ke kira ofarand. Ni zan riƙa cewa abin aiki. In ka ajiye maganar mashigan na'urori a gefe, wuri uku kaɗai abin aiki zai iya kasancewa: a cikin umarnin kansa, ko a rajista, ko a memori. Rajista ƴan ƙananan ma'adanai ne a cikin furosesa, kamar aljihunansa. Memori kuwa tana waje, kowane bayit, wato bit 8, a cikinta da adireshinsa. Duk sauran sunayen da ka haddace dabaru ne na lissafa adireshin memori, ba wani abu ba.

Kafin ka karanta umarni ko ɗaya, rubuta abin da ke cikin rajistoci a gefen takarda, abin da ke memori a ɗaya gefen. Ga wanda za mu yi aiki da shi:

DS = 2000h, SS = 3000h, BX = 0100h, BP = 0100h, SI = 0004h

A memori kuma, kowane adireshi da bayit ɗinsa:

20100h: 34h
20101h: 12h
20104h: 78h
20105h: 56h
20106h: 0CDh
20107h: 0ABh
30100h: 99h
30101h: 00h

Sifilin da ke gaban CD da AB ba ado ba ne. Lambar heksa da ta fara da harafi dole a sa mata sifili a gaba, in ba haka ba manhajar da ke harhaɗa shirin za ta ɗauka suna ne ka rubuta.

Mataki na biyu: wa ke karɓa, wa ke bayarwa

A salon rubutun Intel, na hagu shi ke karɓa, na dama shi ke bayarwa. MOV AX, BX yana kwafe abin da ke BX ya zuba a AX, BX kuma yana nan da abinsa. Kowane ɓangare na waƙafin yana da tasa hanyar, don haka ka bi su ɗaya-ɗaya.

Mataki na uku: nemi baka mai kusurwa

Nan ne zuciyar maganar, nan kuma zan fi daɗewa. Dubi waɗannan layuka huɗu:

MOV AX, 0100h
MOV AX, BX
MOV AX, [0100h]
MOV AX, [BX]

Layi na farko kuɗi ne a tafin hannu. Lambar 0100h tana cikin jikin umarnin, furosesa ba ya zuwa ko'ina nemanta. AX zai zama 0100h. Wannan shi ake kira imidiyet, wato na nan-take. Irin wannan lamba ba ta zama a hagu, domin ba wurin ajiya ba ce: MOV 5, AX ba shi da ma'ana.

Layi na biyu daga aljihu zuwa aljihu ne. BX yana riƙe da 0100h, saboda haka AX ma ya zama 0100h. Wannan ita ce hanyar rajista. Babban sharaɗinta: aljihunan su zama girmansu ɗaya. AX bit 16 ne, BL kuwa, ƙaramin rabin BX, bit 8, don haka MOV AX, BL ba zai harhaɗu ba.

Layi na uku ya zo da baka, kuma baka ma'anarsa ita ce: abin da ke cikina adireshi ne, je can ka ɗauko. A nan 0100h ba ita ce saƙon ba, lambar gida ce. Furosesa zai je memori, ya dawo da 1234h. Wannan shi ne dairek, na kai-tsaye, tunda adireshin a rubuce yake ƙarara cikin umarnin.

Layi na huɗu takardar nan ce a ninke. Umarnin bai faɗi adireshi ba, ya ce duba cikin BX. Ka duba ka ga 0100h, sai ka tafi can, ka dawo da 1234h. Wannan shi ne indairek ta rajista. Amsar ta zo daidai da ta layi na uku, amma akwai babban bambanci. Layi na uku har abada gida ɗaya zai riƙa zuwa. Layi na huɗu kuwa, ka canza BX, umarni ɗaya ya tafi wani gidan daban. Da wannan ake bin jerin lambobi, da shi ake karanta rubutu harafi bayan harafi, kuma shi ne tushen abin da masu yaren C ke kira foyinta.

Wata ɗaliba ta taɓa tsayar da ni a nan. Ta ce, "Malam, to in na rubuta sunan da na ba wa lamba, kamar MOV AX, kudi, ba baka, wanne ke nan?" Na ce mata, "Madalla da tambayar nan, ƙanwata, domin amsar ta danganta da manhajar da kike harhaɗawa da ita." Ban da emu8086, akwai wasu manhajojin harhaɗawa irin su MASM da NASM. A emu8086 da MASM, suna yana tsayawa ne a madadin wurin ajiya, don haka MOV AX, kudi zai ɗauko abin da ke cikin kudi, wato dairek ne ko da ba a ga baka ba. In adireshin kake so, sai ka rubuta MOV AX, OFFSET kudi ko LEA AX, kudi. A NASM kuwa akasin haka ne: MOV AX, kudi adireshi yake ba ka, sai ka rubuta [kudi] kafin ka sami abin da ke ciki. A ganina tsarin NASM ya fi dacewa da mai koyo, domin a can baka ba ya ɓuya. MASM ma yana da wata ɗabi'a: baka a kan lamba zalla ba ya sa ya je memori, sai ka rubuta DS:[0100h]. Saboda haka in ka kwafo shiri daga wani wuri, fara sanin da wace manhaja aka rubuta shi.

Mataki na huɗu: tara abin da ke cikin baka

Abin da ke cikin baka a 8086 ba ya wuce haɗin abu uku. Akwai rajistar tushe, BX ko BP. Akwai rajistar ƙirga, SI ko DI. Akwai kuma lamba tsayayya da ake ƙarawa, wadda zan kira ƙari. Kana iya ɗaukar ɗaya daga cikin ukun, ko biyu, ko duka, amma daga kowane rukuni guda ɗaya tak. Ka tara su, abin da ya fito shi ne tazara, wato nisan abin aikin daga farkon sashen memorin da yake ciki, wanda za mu gani a mataki na biyar. Littattafai suna taƙaita sunanta da EA.

MOV AX, [BX+4]: tushe da ƙari. 0100h da 4 sun ba da 0104h. Wannan shi ne masallaci da gida uku: BX yana nuna farkon wani abu, ƙari yana nuna wuri sananne a cikinsa. Ka ɗauka bayanin kowane ɗalibi yana jere a memori, lambar shaidarsa a farko, makin lissafi bayan bayit 2, makin fizis bayan bayit 4. To [BX+4] kullum makin fizis ne, BX kuma shi ke zaɓar ɗalibin.

MOV AX, [0100h+SI]: ƙari da ƙirga. Tazarar ita ma 0104h ce, amma tunanin a juye yake. Yanzu lamba tsayayya ita ce farkon jerin, SI kuma shi ke tafiya a cikinsa, kamar mai bin rumfuna a layi ɗaya na babbar kasuwa.

MOV AX, [BX+SI]: tushe da ƙirga. 0100h da 0004h, tazara 0104h. Dukansu biyu suna iya canzawa yayin da shiri ke gudana, shi ya sa ake amfani da shi wurin tebur mai layuka da ginshiƙai: ɗaya ya riƙe farkon layi, ɗaya ya riƙe matsayi a cikin layin.

MOV AX, [BX+SI+2]: duka ukun. Tazara 0106h.

Ƙarin na iya zama na ragi, kamar [BP-2]. In jimillar ta haura FFFFh, furosesa yana yar da abin da ya hau sama, tazarar ta koma ƙirga daga sifili a cikin sashen da take.

Abin da ba ya yiwuwa kuma ya fito fili daga dokar rukunin nan. [BX+BP] tushe biyu ne, haram. [SI+DI] ƙirga biyu ne, haram. AX da CX da DX ba sa shiga baka sam a 8086. Kada ka tsaya haddace jerin haramtattu, ka riƙe sunaye huɗun nan kawai: BX, BP, SI, DI.

Mataki na biyar: wace unguwa?

Tazara ita kaɗai ba ta kai ka gida. Dalilin yana cikin ƙirar furosesan. Rajistocin 8086 bit 16 ne, mafi yawan wuraren da za su iya nunawa 65,536, wato kilobayit 64. Amma layukan adireshinsa 20 ne, suna kaiwa ga wurare 1,048,576, wato megabayit ɗaya. Don a cike giɓin sai aka raba aikin biyu: rajistar sashe ta faɗi unguwa, tazara ta faɗi gida a cikin unguwar. Rajistocin sashe huɗu ne. CS na umarnai ne, DS na bayanai, SS na tari, wato sitak, inda ake jibge lambobi na wucin gadi ɗaya kan ɗaya, ES kuma ƙarin sashen bayanai.

Lissafin shi ne: ninka rajistar sashe sau 16, ka tara da tazara. A heksa ninkawa sau 16 ƙara sifili ne kawai a dama. DS = 2000h ya zama 20000h. Ka tara da 0104h, ka sami 20104h. Wannan shi ne adireshin gaske da zai fita a kan wayoyin furosesa.

Sai dai kwatancen unguwa yana da iyaka, gara in faɗa maka tun yanzu. Unguwannin birni ba sa hawa kan juna, sassan memori kuwa suna yi. 2000h:0100h da 2010h:0000h duk wuri ɗaya suke nunawa, 20100h. Gwada lissafin da kanka ka gani.

Yanzu ga tarkon da ya fi kama mutane. Wane sashe ake ɗauka in umarni bai faɗa ba? DS ake ɗauka, sai fa in BP yana cikin baka, to a nan SS ne. A teburinmu BX da BP duka 0100h suke riƙe da shi, da gangan na yi haka. MOV AX, [BX] zai je 20100h ya kawo 1234h. MOV AX, [BP] zai je 30100h ya kawo 0099h. Lamba ɗaya a cikin baka, gidaje biyu daban. Ko SI ko DI ya raka BP, kamar [BP+SI], SS ɗin dai za a bi.

An yi haka ne domin aikin BP leƙa cikin tari. In babban shiri ya tura lamba da PUSH, ya kira ƙaramin shiri na kusa da CALL, ƙaramin ya fara da PUSH BP sannan MOV BP, SP (SP ita ce rajistar da ke nuna saman tari), to ga yadda tarin zai kasance: a [BP] tsohon BP yake, a [BP+2] adireshin komawa, a [BP+4] kuma lambar da aka turo. Duk wanda ya taɓa duba abin da kompaila, manhajar da ke fassara shiri zuwa umarnan furosesa, ta fitar daga shirin C na zamanin DOS ya ga [BP+4] birjik.

Wannan tarkon yana ɓuya a ƙananan shirye-shiryen da ke farawa da ORG 100h, domin a irinsu CS da DS da SS da ES duk lamba ɗaya suke riƙe da ita. Ɗalibi sai ya yi ta amfani da BP a madadin BX, komai yana tafiya daidai, har ranar da ya rubuta shiri mai sassa daban-daban. Shi ya sa nake dagewa a kan takarda, inda zan iya ba wa DS da SS lambobi mabambanta.

In kana son wani sashen dabam, faɗa a fili: MOV AX, ES:[BX] ko MOV AX, DS:[BP]. Rajistar sashe kuma ba ta karɓar lamba ta nan-take. MOV DS, 2000h ba zai yi ba, sai ka bi ta AX: MOV AX, 2000h sannan MOV DS, AX.

Mataki na shida: bayit nawa, wanne ne gaba

Ka isa gidan, saura ka san yawan abin da za ka ɗauka. Rajistar da ke ɗaya ɓangaren ita ke faɗa. AL, ƙaramin rabin AX, bayit ɗaya ne, AX bayit biyu. MOV AL, [BX] zai kawo 34h kaɗai. MOV AX, [BX] zai haɗa 20100h da 20101h.

Wurin haɗawar, bayit na ƙaramin adireshi shi ne ƙaramin rabin lambar. 34h ya shiga AL, 12h ya shiga AH, AX ya zama 1234h, ba 3412h ba. Ta haka [BX+SI] ya ba da 5678h, [BX+SI+2] kuma ya ba da 0ABCDh. In kana duba memori a manhaja ka ga lambobinka kamar an juya su, ba lalacewa suka yi ba, haka Intel ke jera su.

In babu rajista a ɗaya ɓangaren fa? MOV [BX], 5 bai faɗi ko bayit ɗaya za a rubuta ko biyu ba. Sai ka taimaka: MOV BYTE PTR [BX], 5 ko MOV WORD PTR [BX], 5. Haka nan MOV ba ya ɗauka daga memori ya zuba a memori a umarni ɗaya. MOV [DI], [SI] haram ne, dole kayan su ya da zango a rajista. Umarnin MOVSB ne ke yin irin wannan kwafin, shi kuma ba ka rubuta masa abin aiki: daga DS:SI yake ɗauka, ya sauke a ES:DI, sannan ya matsar da su biyun. Haka PUSH da POP suke bin SS:SP ba tare da an ambata ba. Irin waɗannan su ake ce wa masu abin aiki a ɓoye.

Mataki na bakwai: gwada da shiri na gaske

Buɗe emu8086 ka rubuta wannan. Yana tara makin ɗalibai biyar, LOOP kuma yana maimaita zagayen gwargwadon lambar da ke CX:

ORG 100h
MOV SI, 0
MOV CX, 5
MOV AX, 0
zagaye: ADD AX, maki[SI]
ADD SI, 2
LOOP zagaye
RET
maki DW 45, 62, 70, 38, 55

Rubutun maki[SI] daidai yake da [maki+SI], wanda shi ne yadda za ka rubuta a NASM. Kada ka danna maɓallin da ke gudanar da shirin gaba ɗaya. Yi amfani da na taki ɗaya-ɗaya. Kafin kowace dannawa, rubuta a takarda abin da kake tsammanin AX da SI za su zama, sannan ka danna ka kwatanta. AX zai bi 45, 107, 177, 215, ya tsaya a 270, wanda manhajar za ta nuna maka a matsayin 010Eh.

Me ya sa SI ke ƙaruwa da 2? Domin DW yana ba kowane maki bayit biyu, SI kuwa bayit yake ƙirgawa, ba maki ba. Ina so ka ɓata shirin da gangan ka ga abin da ke faruwa: mayar da ADD SI, 2 ya zama INC SI. A memori 45 yana zaune a matsayin 2D 00, 62 kuma 3E 00. A zagaye na biyu SI zai zama 1, furosesa ya ɗauki 00 na makin farko da 3E na maki na biyu, ya haɗa su 3E00h, wato 15,872. Babu ƙorafin da manhajar za ta yi, domin umarnin halal ne, adireshin ne ya faɗa tsakiyar gidaje biyu. Duk ranar da ka ga jimilla ta yi tsalle zuwa dubbai ba dalili, wannan ne farkon abin da za ka duba.

LOOP ma yana da tasa hanyar gano inda zai koma. Ba ya ɗauke da adireshin zagaye. Abin da yake ɗauke da shi bayit ɗaya ne da ke cewa ja baya kaza daga umarnin da ke bi na. In an harhaɗa layukan nan da gajeren salonsu, LOOP zai fito E2 F7, kuma F7 ragi 9 ke nan: bayit 4 na ADD na farko, 3 na ADD na biyu, 2 na LOOP kansa. Bayit ɗaya ba ya wuce baya 128 ko gaba 127, shi ya sa a 8086 LOOP da tsalle masu sharaɗi irin su JZ suke ƙin harhaɗuwa in wurin komawar ya yi nisa.

Leƙa ƙarƙashin murfi

Wannan ɓangaren ba dole ba ne don cin jarrabawa, amma shi ne ya sa ni kaina na daina ganin dokokin nan a matsayin son zuciyar masu ƙira. Dubi abin da umarnai ke zama bayan an harhaɗa:

MOV AX, 1234h ya zama B8 34 12
MOV AX, [1234h] ya zama A1 34 12
MOV AX, [BX] ya zama 8B 07
MOV AX, [BX+SI] ya zama 8B 00

Layuka biyu na farko bayit ɗaya ne ya raba su. B8 yana cewa lambar da ke biye ita ce kayan, A1 yana cewa adireshi ce. A na uku da na huɗu, bayit na biyu shi ke bayyana hanyar, ana kiransa ModR/M. An raba shi uku: bit 2 na faɗin ko akwai ƙari da girmansa, bit 3 na zaɓar rajistar da ke ɗaya ɓangaren, bit 3 na ƙarshe na zaɓar haɗin da ke cikin baka. Bit 3 zaɓi takwas kawai suke bayarwa, kuma ga su: BX+SI, BX+DI, BP+SI, BP+DI, SI, DI, BP, BX. Gurbi ya ƙare, babu inda za a sa AX ko CX. Har ma gurbin BP maras ƙari an ara wa hanyar kai-tsaye, shi ya sa in ka rubuta [BP] manhajar take mayar da shi [BP+0] a asirce.

Kowace hanya kuma da farashinta na lokaci. A 8086, MOV daga rajista zuwa rajista bugun agogo 2 yake ci, na nan-take zuwa rajista 4. Ɗaukowa daga memori kuwa 8 ne, sannan a ƙara na lissafin tazara: 5 in rajista ɗaya ce a baka, 9 in da ƙari, 7 ko 8 in tushe da ƙirga ne, 11 ko 12 in duka ukun ne. Wannan ne dalilin da ya sa shirinmu yake tara jimilla a AX maimakon a memori. Furosesoshin yau ba sa bin waɗannan alƙaluma, amma har gobe rajista ta fi memori kusa.

In ka koma wani furosesan

Wanda ya fara da 8085 zai gane komai da sauri. MVI A, 05H na nan-take ne, LDA 2050H kai-tsaye, MOV A, M kuma indairek ne inda M ke nufin wurin da rajistocin H da L suke nunawa tare. Babu sassa a can, tazara ita ce adireshin. Daga 80386 na 1985 aka sassauta dokar rukuni a rajistocin bit 32, har aka ƙara ninkawa da 2 ko 4 ko 8, kamar [EBX+ESI*4+8], don kada ka riƙa ƙara girman kowane abu da hannu. Furosesan ARM da ke cikin wayarka kuwa ya fi tsauri ta wani gefen: ADD ba ya taɓa memori, sai ka ɗauko da LDR, ka yi lissafi a rajista, ka mayar da STR. LDR R0, [R1, #4] tushe da ƙari ne, alamar # tana nuna lamba ta nan-take.

Ga aikin da nake ba ɗalibai kafin su tashi sallar magariba. Da teburin mataki na farko, ƙara DI = 0006h da ES = 2010h, ka nemo abin da zai shiga rajista a kowane layi:

MOV AX, [BX+DI]
MOV AL, [BX+1]
MOV AX, ES:[SI]
MOV AX, DS:[BP+SI]
LEA AX, [BX+SI+2]

Rufe amsar da hannu sai ka gama. Na farko: tazara 0106h, adireshi 20106h, AX = 0ABCDh. Na biyu: 20101h, bayit ɗaya, AL = 12h. Na uku: 20100h da 0004h sun ba da 20104h, AX = 5678h. Na huɗu: BP yana ciki amma an ambaci DS a fili, don haka 20104h ne, AX = 5678h. Na biyar shi ne wanda yake kayar da mutane. LEA yana tara abin da ke cikin baka ya tsaya nan, ba ya zuwa memori. AX = 0106h.